Bahar Maliya ba kogi ba ne

Kakana da ƙafa ya zo ƙasar nan ta Sudan. Ya baro ƙasar Hausa yana saurayi da niyyar aikin Hajji, ya shafe shekaru a hanya, ya tsinci auduga a Jazira, ya yi dako, har ya haɗa kuɗin jirgi ya iso Sawakin, tsohuwar tashar jiragen ruwa a gaɓar Bahar Maliya. Ya haye Jidda, ya sauke farali, ya dawo, sai gaɓar teku ta riƙe shi. Kusan kowane gidan Hausawa a Bur Sudan yana da irin wannan labarin. Mahaifina kuma a bakin tasha ya ƙare ƙarfinsa, buhun riɗi da na ƙaro a kafaɗa. Saboda haka idan na ɗauko zancen ɓarnar da tashoshin jiragen ruwa ke yi wa teku, na san tukunyar gidanmu nake taɓawa. Kusan kashi 90 cikin 100 na kayan da Sudan ke shigowa da su ko fitarwa ta wannan gaɓa suke bi. Ba mai hankalin da zai ce a rufe ta. Abin da ke damuna shi ne yadda muke tafiyar da ita kamar tekun da take zaune a kai ba ya gajiya.

Duk wanda ya taɓa zagaya tsibirin Sawakin ya ga gidajen nan masu hawa biyu da uku da suka zube suka zama tsibin duwatsu. Da murjani aka gina su, wanda aka sassaro daga cikin ruwa. Mu a gida murjani muka sani a wuyan amarya, amma asalinsa halitta ce mai rai: wasu ƙananan dabbobi ne da ke zaune jingim, kowace tana gina wa kanta ɗaki mai tauri, 'ya'ya su ɗora a kan na iyaye, har a samu tudun dutse a ƙarƙashin ruwa, wanda masunta a nan ke kira sha'ab. Irin mai kauri daga cikinsa ba ya ƙara fiye da kamar santimita ɗaya a shekara. Dutsen da tsayinsa ya kai na mutum ya girmi kakana.

Wannan murjanin shi ya raya Sawakin, shi kuma ya kwantar da ita. Mashigarta siririya ce, sha'ab dama da hagu, ta ishi jiragen filafilai na dā amma ta yi wa manyan jiragen tururi kaɗan. A 1905 Turawan mulki suka fara gina sabuwar tasha a Marsa Shaikh Bargut, kimanin kilomita 60 arewa, aka buɗe ta a 1909, ita ce Bur Sudan. Sawakin ta yi ta dusashewa har zuwa 1991 da aka buɗe tashar Usman Digna don fasinja da dabbobi. Abin lura shi ne dalilin da ya sa aka zaɓi sabon wurin. Lungu ne mai zurfi da Allah ya tsaga cikin gaɓa, ga kuma jerin sha'ab a can waje yana karya igiyar ruwa kafin ta iso. A wasu ƙasashe sai an zuba dukiya mai yawa an gina katangar dutse cikin teku kafin jirgi ya samu inda zai tsaya lafiya. Mu tamu katangar a gine muka same ta, kuma tana gyara kanta da kanta matuƙar tana da rai. Ranar da ta mutu za ta fara marmashewa, kamar gidajen Sawakin.

Akwai wani tunani da muka zo da shi daga bakin kogi. Bahaushen Mai Wurno ko na Sinnar ya tashi yana ganin Nilu na wucewa. Abin da ka jefa da safe, da yamma ya yi nisa. "Ruwa ya tafi da shi," haka muke cewa. Ko a kogin ma wani ke sha a ƙasa, amma aƙalla ruwan yana tafiya. Bahar Maliya daban yake. Tsawonsa ya haura kilomita 2,000, amma ƙofarsa ta kudu, Babul Mandab, faɗinta bai wuce kilomita 30 ba, ta arewa kuma mashigin Suwes ne da aka buɗe a 1869. Babu kogi ko ɗaya mai gudu shekara zagaye da ke zuba a cikinsa. Rana tana shanye kusan mita biyu na ruwansa kowace shekara, shi ya sa gishirinsa ya kai kusan giram 40 a lita, alhali a manyan tekuna 35 ne. Sai kuma abin da ya fi shafar mu: a tsakiyar tekun, wato daidai tsakanin Bur Sudan da Jidda, cika da janyewar ruwa na kullum kusan babu shi. A Legas ko Mombasa ruwa yana shiga tasha ya fita sau biyu a yini, yana ɗauraye ta. A nan sai dai ɗan abin da iska ta motsa. Abin da aka zuba cikin lungun tasharmu a nan yake kwana, ya zauna a ƙasa, ya jira.

Shi ya sa nake ganin babbar barazanar da ke kan gaɓarmu ita ce wadda ba ta shiga labarai, wato laka. Jiragen yanzu suna ƙara girma, kowane ƙarin girma yana neman ƙarin zurfi, sai a kawo jirgin yasa ya kwashe ƙasan teku. Faɗaɗa tashar kwantena ta kudu da zurfafa mashigar Sawakin duk sun bi ta wannan hanya. Inda bakin injin ya ci, murjani ya tafi ke nan, wannan kowa ya gani. Ɓarnar da ta fi yawa tana faruwa ne nesa da injin. Idan aka niƙa dutsen murjani yakan zama gari mai laushi kamar alli, ya tashi cikin ruwa ya yi fari fat, iska ta ja shi zuwa wurin da ba a taɓa ba. Murjani kuwa da haske yake rayuwa. A cikin tsokarsa akwai wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, su ke amfani da hasken rana su samar masa da yawancin abincinsa. In ruwa ya gurɓace haske ya ragu, yunwa ta kama shi. In garin ya sauka a kansa, sai ya yi ta fitar da majina don ya kakkaɓe, har ƙarfinsa ya ƙare. Kwana biyu ko uku zai iya jurewa. Wata uku ba zai iya ba. Bayan ya mutu gansakuka ta rufe wurin, 'ya'yan murjani ba sa samun dutse mai tsabta da za su kama, kifin najil da sha'ur da ke ɓuya a ramukansa su ƙaura. Masunci da ke zuwa wurin da ƙaramin kwale-kwale ya koma yana neman injin da man da zai kai shi nesa, farashin kifi a kasuwar Sigala ta Bur Sudan ya tashi, ba wanda ya haɗa wannan da jirgin yasar da ya tafi tun bara.

Akwai kuma abin da ke kwance cikin lakar tsohuwar tasha. Shekara ɗari da wani abu ana zubar da mai, ana kankare fentin jirage, ana wanke ma'ajiyar kaya. Fentin da aka daɗe ana shafa wa ƙasan jirage don hana ƙwanso mannewa yana da wani sinadari mai guba, TBT, wanda sai a 2008 yarjejeniyar hana shi ta fara aiki a duniya. Shi da dalma da tagulla suna nan a ƙasan tsofaffin tashoshi ko'ina. Muddin suna kwance, cutarsu da sauƙi. Yasa ita ke tayar da su.

Maganin wannan sananne ne, kuma ba ya bukatar wata fasahar da ta fi ƙarfinmu. A ɗebi lakar a auna ta kafin a taɓa. Mai guba a fitar da ita tudu a killace, mai tsabta a kai ta can cikin zurfi nesa da sha'ab, a wurin da aka ayyana, ba inda direban jirgi ya ga ya fi masa kusa ba. A kewaye wurin aiki da labulen da ke tare laka, wanda a ruwa mai kwanciya irin namu yana aiki fiye da yadda yake yi a tekuna masu ƙarfin igiya. A kauce wa watannin tsananin zafi, lokacin da murjani ke fama da kansa, da kuma lokacin da yake zubar da ƙwai. Sannan a sa na'urar auna gurɓacewar ruwa a kan sha'ab mafi kusa, a rubuta cikin kwangila cewa in ta kai awo kaza, injin ya tsaya. Wannan na ƙarshen shi ne gwajin gaskiya, domin tsayuwar jirgin yasa ta yini ɗaya kuɗi ne masu yawa, kuma in mai auna ruwan ɗan kwangilar ne ke biyan sa albashi, awon ba zai taɓa kaiwa ba.

Ina yawan tuna jirgin Umbria idan ana wannan magana. Jirgin Italiya ne da ma'aikatansa suka nutsar da shi da gangan a sha'ab ɗin Wingate, daura da Bur Sudan, a watan Yuni na 1940, don kada Ingila ta ƙwace bama-bamai kusan 360,000 da ke cikinsa. Yau murjani ya lulluɓe shi, kifi na shiga ta tagoginsa, kafin yaƙin Sudan na 2023 masu ninƙaya daga Turai har layi suke yi don su gan shi. Ƙarfe ne da makamai, amma da yake ruwan wurin garau yake, rai ya dawo ya hau kansa. Teku yana iya warkar da babban rauni guda. Ɗan hakin da ake zuba masa kullum shi ne ke tsone masa ido.

Daga cikin wannan na kullum akwai dattin jirage. Kowane jirgi gari ne ƙarami: yana da bayan gida, da shara, da ragowar abinci, da wani baƙin dagwalo na mai da ruwa da ke taruwa a ƙasan ɗakin inji. Yarjejeniyar MARPOL ta Hukumar Sufurin Ruwa ta Duniya ita ke tsara yadda za a yi da su. Tun a 1973 ta sa Bahar Maliya cikin tekuna na musamman da ya kamata a tsaurara dokar zubar da mai a cikinsu, saboda dalilan da na ambata. Amma tsaurarawar ba ta fara aiki ba sai 1 ga Janairun 2025. Shekara hamsin da ɗoriya. Dalilin jinkirin ya kamata ya tsaya mana a rai: dokar ba ta hawa kan jirage sai ƙasashen da ke gaɓar sun tabbatar da cewa tashoshinsu na da wurin karɓar dattin. Ba za ka hana mutum zubarwa a ruwa ba alhali ba ka tanadar masa inda zai zubar a tudu ba. Yanzu dai a takarda, jirgin dakon mai ba shi da izinin sakin ruwan wankin tankunansa a tekun nan, ruwan ɗakin inji kuma sai ya bi ta matata har man da ke cikinsa ya gaza kashi 15 cikin miliyan.

To amma takarda ba ta bin jirgi cikin dare. Kyaftin ɗan kasuwa ne, ko yaron ɗan kasuwa. In sauke dagwalo a tasha zai ci masa kuɗi da jinkirin yini guda, buɗe famfo a tsakiyar teku kuma kyauta ne, ba sai an faɗi abin da wasu za su zaɓa ba. Ƙasashen tekun Baltik sun gano bakin zaren: suka cusa kuɗin karɓar datti cikin harajin shiga tasha, ka sauke ko ba ka sauke ba ka riga ka biya. Da haka zubarwa a ɓoye ta daina zama riba. Ban ga abin da zai hana Hukumar Tashoshin Ruwa ta Sudan yin haka ba, musamman in an yi shi tare da maƙwabta ta hannun PERSGA, ƙungiyar kare muhallin Bahar Maliya da ke da mazauni a Jidda, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Jidda ta 1982, kuma Sudan na ciki. In tasha ɗaya ce ta ƙara haraji, jirage za su yi ƙorafi su nemi wata. In duka suka yi tare, ba inda za a gudu.

Sai dai karɓar dattin rabin aiki ne. Ina ake kai shi bayan ya sauka? A 2006 wani jirgi mai suna Probo Koala ya sauke dagwalon sinadarai a Abijan, aka ba wani ƙaramin kamfani da ba shi da kayan aiki, motoci suka bi dare suka zazzage shi a juji da kwatoci cikin gari. Mutane suka mutu, dubun dubata suka cika asibitoci. In tankar da ta karɓi baƙin mai a bakin tasha za ta je ta juye shi a wani kwari bayan gari, ruwan sama na farko zai dawo da shi teku, bayan ya ratsa unguwannin talakawa, inda yawancinmu muke zaune.

Ruwan daidaita jirgi ma yana da tasa matsalar, ko da yake a nan duniya ta ɗan yi gaba. Jirgin da ya zo ɗaukar kaya babu komai cikinsa yakan cika tankunansa da ruwan tashar da ya baro don kada ya yi tangaɗi, in ya iso ya sake shi, tare da ƙwai da ƙwayoyin halittun wata nahiya. Yarjejeniyar da ta tilasta tace wannan ruwan ta fara aiki a 2017. Abin da ya rage mana shi ne mai dubawa da zai hau jirgi ya ga ko na'urar tana aiki.

Wani lokacin kuma ɓarnar ba ta da alaƙa da sinadari ko ilimin teku. A watan Yuni na 2022, saura kusan wata guda a yi layya, jirgin Badr 1 ya kife a tashar Sawakin da tumaki kusan 15,800 da za a kai Saudiyya, alhali an ce 9,000 ne iyakar abin da zai iya ɗauka. Ma'aikatan sun tsira, tumaki kusan 700 kawai aka ciro. Ka ƙiyasta gawar dabba dubu goma sha biyar tana ruɓewa cikin lungun da ruwansa ba ya fita, cikin zafin Yuni, ga man jirgin yana tsiyaya. Ruɓewa tana cinye iskar da ke cikin ruwa, kifin da bai gudu ba ya shaƙe. Makiyaya da dillalai sun yi asarar da wasu ba za su farfaɗo ba, na san a cikinsu akwai masu jin yarenmu. Abin da ya kamata ya hana wannan mutum ɗaya ne a bakin gada da takarda a hannu, yana ƙirga abin da ke shiga, kuma yana da ikon cewa ya isa ba tare da tsoron a kira shi daga sama ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rabin abin da ake kira kula da muhalli a tasha wannan ne: ƙirga kaya, raba masu haɗari da sauran, hana su daɗewa a ma'ajiya. Mutanen Bairut sun biya farashin sakaci da wannan ranar 4 ga Agustan 2020, da tan 2,750 na sinadarin taki da aka manta da shi shekara shida a tasha ya tashi da rayuka sama da 200.

Batun mai kuwa a wurinmu batun ruwan sha ne, kuma ban tabbata mun gama fahimtar haka ba. Tun 1999 ɗanyen mai ke gangarowa ta bututu mai tsawon kusan kilomita 1,600 zuwa tashar Basha'ir da ke kudu da gari, har da na Sudan ta Kudu. Tataccen mai kuma ta tashar Al-Khair yake shigowa. Bur Sudan gari ne mai ƙishirwa tun asali. Duk wanda ya tashi a nan ya san jiran mai karo da jakinsa, ya san yadda kuɗin jarka ke hawa da bazara. A watan Agustan 2024 madatsar Arba'at, wadda ita ce babbar hanyar ruwan garin, ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, ta share ƙauyuka, ta ci rayuka. Wannan ya faru ne a lokacin da garin ya cika maƙil da waɗanda yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya koro. Nauyi ya ƙara komawa kan injinan tace ruwan teku. Injin tace ruwa kuwa bakinsa a cikin teku yake, kuma tacensa ba ya jure mai ko kaɗan. Da zarar mai ya kusanto sai a kashe shi. Malalar da a wata ƙasa za ta ɓata bakin ruwan shaƙatawa, a nan za ta bar yara ba abin sha. 'Yan'uwanmu na Jidda sun fi mu sanin wannan, su da garinsu ya dogara da tataccen ruwan teku tun zamanin kindasa, tsohon injin tace ruwan teku na garin.

Duniya ta nuna tana iya tashi in ta ga haɗarin da idonta. Tsohon jirgin ajiyar mai na Safer ya yi shekaru yana tsatsa a gaɓar Yaman da ganga sama da miliyan ɗaya a cikinsa, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta tara kuɗi aka kwashe man a 2023. Amma a watan Maris na 2024 jirgin Rubymar ya nutse a kudancin tekun da tan 21,000 na taki bayan an harbe shi. Mu ma a watan Mayun 2025 mun kwana muna kallon baƙin hayaƙi ya rufe gari kwana da kwanaki, bayan jirage marasa matuƙa sun faɗa wa rumbunan mai. Ba hukumar tasha da za ta iya hana yaƙi. Abin da ke hannunta shi ne shiri: shingen da ke tare mai a kan ruwa ya kasance a kusa kuma ba ruɓaɓɓe ba, a san wa za a kira, a san cewa bakin injinan ruwa da dazukan shura, bishiyoyin da ke tsiro cikin ruwan gishiri a bakin gaɓa, ne za a fara karewa, a kuma horar da masunta, domin su ke kan ruwa da asuba, su za su fara gani.

Akwai muhallin da ba a cika lissafawa ba, shi ne ƙirjin ɗan dako. Mahaifina ya yi shekarunsa na ƙarshe da tarin da ba ya jin magani. Ba zan iya rantsuwa cewa tasha ce ta ba shi ba, amma na ga yadda yake dawowa gida fari fat ranar sauke siminti, na ga yadda yake wanke hanci ruwan ya fito da ƙurar alkama. In mahaifiyata ta ce, "Malam, ka riƙa ɗaura ƙyalle mana," sai ya ce a cikin wannan zafin ƙyalle shaƙe mutum yake yi. Gaskiya ya faɗa. A cikin ramin jirgi da rana tsaka, a garin da zafi ke haura digiri 40 ga gumi, ba a gaya wa mutum ya rufe hanci a tsaya nan. Ƙurar ce ya kamata a rage daga tushe: a rufe bel ɗin da ke jan hatsi, a sa mazubi mai tsotse ƙura, a daina sauke siminti da taki a buɗe ranar iska. Ga kuma ƙwayar maganin ƙwari da ake jefawa cikin kwantenar hatsi, wadda ke fitar da iska mai kisa. Wanda ya fara buɗe ƙofa shi ke shaƙa, kuma ba injiniya ne ke buɗewa ba. Hayaƙin jirage dai ya ragu tun 2020, da aka sauko da farar wutar da ke cikin mansu daga kashi 3.5 zuwa 0.5 cikin 100. Na manyan motocin da ke jere a hanyar tasha da injinsu a kunne yana nan yadda yake.

Adalci ne kuma in faɗi cewa ba tasha kaɗai ke ɓata ruwan ba. Mu ma muna yi. Yawancin garin ba shi da magudanar ƙazanta, kwarin da ya ratsa shi ya zama juji, ruwan sama ɗaya ya kwashe leda da komai ya kai cikin tasha. Dazukan shura da ke gaɓa, inda 'ya'yan kifi da jatan lande ke girma, raƙuma na cin su, ana sare su, hanyoyi da filayen gishiri kuma sun tare ɗan ruwan daɗin da ke gangaro musu daga tsaunuka. Wanda ya je Jidda ya tsaya bakin tafkin Arba'in ya san abin da gari ke iya yi wa lungun teku ko da akwai kuɗi. An shafe shekaru ana kashe dukiya don a dawo da shi.

Na san abin da za a ce mini, domin an sha faɗa mini. Ƙasa na cikin yaƙi, mutane na mutuwa da yunwa, alkamar agaji ta wannan tashar take shigowa, kai kana zancen dutsen cikin ruwa. Ban raina wannan magana ba. In aka ce in zaɓa tsakanin jirgin abinci da sha'ab guda, jirgin zan zaɓa. Amma ba a taɓa ba mu wannan zaɓin ba. Ƙirga tumaki ba ya hana abinci shigowa, labulen laka ba ya hana shi. Abin da nake tsoro shi ne ranar da yaƙi zai lafa, masu kuɗi su zo da zanen sababbin tashoshi, gwamnati kuma tana cikin matsin da ba za ta iya cewa a dakata ba. Mun ga alamarsa. A Disambar 2022 aka sa hannu da kamfanonin Daular Larabawa kan gina tashar Abu Amama ta dala biliyan 6, kimanin kilomita 200 arewa da Bur Sudan, sannan a Nuwambar 2024 gwamnati ta ce ta soke. Siyasa ce ta kawo ta, siyasa ta kore ta, wata kuma za ta zo a madadinta. Wannan gaɓar ta arewa ita ce ɓangaren da Dungunab da tsibirin Mukawwar suke, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016 tare da Sanganib. A can ne ake samun ɗan'uwan ayun da muka sani a kogunan gida, yana kiwo cikin ciyawar ƙarƙashin ruwa, ga kunkuru na haƙa rami a yashi suna zuba ƙwai. Ciyawar nan ma laka ke kashe ta.

Tun ran gini ran zane. Dokar kare muhalli ta 2001 ta riga ta wajabta binciken tasirin kowane babban aiki kafin a fara shi, kuma Jami'ar Bahar Maliya da ke garin nan tana da masana teku da suka san gaɓar lungu-lungu. Abin da ake yi a wurare da yawa shi ne a zaɓi wuri, a sa hannu, sannan a ɗauko masu bincike su rubuta abin da zai halatta zaɓin. Ina so a juya shi: binciken ya riga sa hannu, kuma ya zama yana da ikon cewa a matsa gaba ko baya da kilomita goma. A fara da zama da masuntan ƙabilar Beja da sauran masu kwale-kwale, a shimfiɗa taswira su nuna inda najil ke taruwa lokacin ƙwai da inda ayu ke kiwo, domin abin da ke kansu babu shi a kowane ofis. Rahoton kuma kada ya tsaya da Turanci cikin durowa. A karanta shi da Larabci da Bidawiyet, yaren Beja, a Sigala da ƙofar tasha, inda 'yan dako ke jiran a kira su aiki. In an fara yasa, awon gurɓacewar ruwa na kowace rana a rubuta shi a allo a bakin ƙofar, da sa hannun wanda ya auna da sunan hukumar da ke biyan sa.